Kuɗin Lauyan Baban Amira

Daren Laraba, unguwar Pantai Dalam, gari a kulle

Lauya nake buƙata, wanda zai tsaya wa mijina, Baban Amira, a kotu, kuma ba ni da kuɗinsa. Shi ya sa na danna wayar nan nake ta magana, ko zuciyata ta yi sanyi.

Asusun bankinsa ya ara wa wani ɗan garinmu, yadda ɗalibai suke yi in za a canja ringgit, kuɗin ƙasar nan, zuwa naira. Ashe kuɗin damfara aka zuba. Mutumin ya ɓace, 'yan sanda suka tafi da mijina.

Yau maƙwabciyata Maman Hanifa ta kira wani lauya tana fassara min. Da na ji kuɗin sai na ce ta roƙe shi ya rage. Ta rufe wayar da hannu ta ce, "Ƙanwata, ba atamfa muke tayawa ba. Wannan ma na zuwan farko ne kawai."

Na fito da sarƙar lefena, amma masu sayen zinare na kasuwar Masjid India duk sun rufe, sai ranar da aka buɗe gari.

Yanzu jirgin ƙasa ya wuce, fitilu tar, ba kowa ciki. Sai nake ganin kamar Baban Amira kaɗai ne zaune a ciki, an sako shi, ya riƙo mana gurasar roti a leda, yana gyangyaɗi.

Hajiyarsa ta kira ɗazu daga Kano, na ce yana karatu. Maman Hanifa kaɗai na gaya wa, sai Amira, ita kuwa ba ta fara magana ba.