Ranar da Taurarin Kasuwa Suka Haura Katanga

Birnin Konni, ran Litinin

Zuwa ga Yaya Hafsatu, Illela.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan damina tana yi muku kyau. Tunda kunnenki ya rantse ba ya shiri da waya, ga takarda ta hannun Alamin direba.

Albishirinki. Ekip ɗinmu ta ƙwallo, Taurarin Kasuwa, ta kai wasan ƙarshe na kofin hutun lakwal na 'yan makaranta, ran Lahadi za mu kara da 'yan Malbaza. Aikin ɗanki Hayatu ne. Yaran ga bara in sun ga ƙwallo duka suke ruɗewa kanta kamar kaji sun ga tsaba, yanzu kowa ya san wurin tsayuwarsa. Mutumin da ya buga a Abijan da Tunis da Gabon ana biyansa, har gwiwa ta ce ta gaji, ai ba don ado ya karɓo diflom na koci ba.

Ga babbar maganar. Shugaban wani kulob na Yamai zai zo ya kalli wasan da idonsa. In ya gamsu, Hayatu ya samu aiki a ƙasarmu, mutanen Gabon da suke ta kiransa ya koma ya horar musu da yara su nemi wani. Kin huta da ganin ɗanki a hoto.

Sai dai Mahamudu mai shayin bakin fili ya ga mutanen Malbaza da wani malaminsu suna tone-tone a ƙofar shiga. Na gaya wa Hayatu, ya ce, "Kawu, su tona har su iske ruwa." Zaman waje ya wanke masa wasu abubuwa daga kai. Amma ni ne shugaban kwamitin ekip, ki bar mini.

Ƙanenki, Maman Sani.

Illela, ran Laraba

Maman Sani,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, Alhamdu lillahi. Na ga saƙo.

"Ki bar mini" ɗin nan ne ya hana ni sukuni. Ɗan naka ba tayar babur ba ne da za ka liƙe ba da saninsa ba. Ya ce mini ƙarshen wata zai ba mutanen Gabon amsa. Na tsufa, ina so in na yi ciwo a hau mota a zo, ba jirgi ba. Ka yi masa addu'a, ka zauna inda aka ajiye ka.

Ka gaida Rashida da yara. Yayarka, Hafsatu.

Birnin Konni, ran Litinin

Yaya,

Salamu alaikum, ina gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba wanda ya mutu, kada ki tashi, amma ki zauna da kyau kafin ki ci gaba.

Ki fara sanin abu guda: haura katanga ba ni na ƙago shi ba. Tun muna yara, in an ce an binne wani abu a ƙofar fili, ekip ta bayan katanga take shiga. Kowa ya sani, har alƙalan wasa kau da kai suke yi.

To Hayatu ya riga mu zuwa fili tare da 'yan benci bakwai, suka shiga ta ƙofa. Ni aka bar wa manyan 'yan wasa sha ɗaya in kawo su da mota. Na ce da direba ya zagaya baya. 'Yan kabu-kabu suka jera muna babura jikin katanga, yara suka taka suka dira ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Jama'a suka ɗauki sowa, na hango mutanen Malbaza fuska ta ɓaci, na ce a raina an gama.

Sai ga Hayatu ya taho yana ɗingishin nan nasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Jiya me na ce muku?" Fa'izu kyaftin ya ce, "Ka ce ta ƙofa, Koci, amma Alhaji ya ce..." Ya ce, "To Alhaji ya sa ku wasa." Ya nuna musu benci.

Yaya, na ɗauka barazana ce. Wallahi sai na ga ya je wurin alƙalin wasa ya ce da mutum bakwai zai buga, waɗanda suka shigo ta ƙofa, wai doka ta yarda da bakwai. Bakwai a kan sha ɗaya! A wasan ƙarshe! Cikinsu har da Nazifi, wanda in ya yi gudu sai ka ji tausayin ƙasa.

Na je na riƙe masa hannu gaban mutane, na ce, "Kai, ni ne fa kawunka, ni na saya maka takalmin ƙwallo na farko." Ya ce, "Na sani, Kawu. Ekip guda ba ta da koci biyu. Koma ka zauna." Ni, Maman Sani, da kwastan ma ba ya ce mini koma ka zauna!

An ci mu shida. Fa'izu yana kuka a benci kamar an yi masa rasuwa. Da aka tafi hutun rabin lokaci manyan kasuwa suka roƙi Hayatu ya sa yaran, ya ƙi. Da aka tashi, ledojin ruwa suka yi ta sauka, sai da jandarma suka fitar da shi. Baƙon Yamai kuwa yana zaune, duk a idonsa aka yi.

Har yanzu ban gane ba. Yaran lahiyarsu lau, suna zaune gabansa, ga kofi, ga aiki, ya zuba wa komai ido ya wuce. Ki yi masa magana, ni ba ya ɗaukar wayata.

Naki, Maman Sani.

Birnin Konni, ran Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ba ki amsa ba, amma Alamin ya ce takardata ta shiga hannunki, kuma ya ga Hayatu a gidanki.

Ban zauna ba. Na samo lambar mutumin Yamai, na kira shi, na yi masa irin maganar da nake sayar da taya da ita. Na ce ya dubi yadda mutum bakwai suka hana a ci su har kusan hutun rabi, wa ya koya musu? Ya ce ya gani, koci ne na gaske. Sai ya ce, "Amma Alhaji, ni ma ina da kwamiti, kuma irinka sun fi goma a ciki. Ran da suka sa yara haura katanga, shi ke nan in rasa kofi?" Ya ce ya ɗauki wani.

Kin ji fa. Shi da kansa ya yarda kowa yana yi. To ina laifina a nan? Da ɗanki ya kau da kai na minti ɗaya, da yanzu muna neman masa gidan haya a Yamai.

Duk da haka ki ce ya dakata da amsar Gabon. Ina da mutum a Tawa, ina da wani a Maraɗi. Ga buhun albasa nan Alamin zai sauke miki, mai kyau ce, ni na zaɓa.

Ƙanenki da bai taɓa nufinki da sharri ba, Maman Sani.

Illela, ran Asabar

Maman Sani,

Salamu alaikum.

Ya ba mutanen Gabon amsa tun ran Talata, ya karɓi aikinsu. Yau da safe na raka shi tasha. Bai yi maganarka ba, ni ma ban yi ba.

Albasa tana cikin motar Alamin, ka karɓi abinka. Bana kada ka zo mini Salla. Ban ce har abada ba.

Ka gaida Rashida. Hafsatu.