Jar Igiyar da Ke Garejin Kamfani

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin sayen fatu na Haɗeja,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ranka ya daɗe, ina neman gafara da na ɗauki alƙalami zuwa ga babba irinka. Ko a aji ba na ɗaga hannu sai an kira sunana. Ni ce Furera, 'yar Malam Garba direban babbar motarka, ina karatu a makarantar 'yan mata a Kano. Na aika wa jarida wannan takarda ne don ban san hanyar da takardar yarinya za ta bi ta kai teburinka ba.

Na ɗaya, albishir. Fatunka sun sami jirgin ƙasa a tashar Malam Madori, ni ma na same shi, har na iso makaranta kafin a rufe ƙofa. Na san an gaya maka ɓarnar ranar, amma ina jin ba a gaya maka daɗinta ba.

Na biyu, yadda abin ya faru. Kana Kano aka yi ruwan nan mai ƙarfi ranar Asabar da la'asar, tsawa ta faɗa wa turken wayar lantarki na bayan garejin kamfani, wuta ta ɗauke. Da safe aka ta da injin wuta, aka canja fis ɗin lantarki da ya ƙone, fitilu suka kama. Amma ƙofar nan da ka kawo daga Turai, wadda ake danna wa maɓalli ta tashi da kanta, mutane har daga Kaugama suna zuwa kallonta, sai ta yi gurnani kawai ta ƙi motsi. Mota tana ciki da lodinta na fatu, ni ina waje a zaune a kan akwatina ina jiran ta kai ni tashar jirgi. Baba ya danna, akawu ya danna, aka kashe inji aka sake tayarwa. Leburori suka sa kafaɗa, ko gezau.

Nan ne Malam Bukar maigadi ya tuna wa jama'a cewa abin da tsawa ta taɓa, madara ce ke sanyaya shi. Goggo Hajjo mai kawo mana nono tana wucewa, ta sauke ƙwaryarta, ta ce ba za ta karɓi ko anini ba tunda tafiyar 'yar makaranta ce. Aka kwarara wa ƙofa, aka yayyafa wa akwatin maɓalli. Gurnanin ma sai ya tsaya.

Baba bai zuba ko ɗigo ba. Shi ta tagar baya ya shiga ya duba ko an tokare ƙofar daga ciki. Madarar ta riga ta gangara ta ƙarƙashi, ya taka, santsi ya kwashe shi, hannunsa ya kama abin da ya samu. Abin da ya samu kuwa ita ce igiyar nan ja da ke rataye a sama, wadda ka hana kowa taɓawa. Muka ji ƙas. Sai ga ƙofa ta tashi a hannun Baba kamar asabari, shi kuma rigarsa fara fat. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗora ni gaban mota ina dariya har da hawaye. Har yau a kasuwa madarar Goggo ake yabo, ni kuwa ban iya musa musu ba.

Na uku, kukana. Inna ta aiko mini cewa da ka dawo ka ji tsamin nono a akwatin maɓalli, ka ga an ja igiya, sai ka karɓe makullin mota daga hannun Baba. Yanzu yana zaune a zaure, in ya ji ƙarar motar sai ya miƙe. Na tambayi malamarmu ta kimiyya, ta ce irin wannan igiya domin ranar ɗaukewar wuta aka yi ta: ita ke raba ƙofa da inji a ɗaga da hannu. Ranka ya daɗe, an ce wa ma'aikata kada su taɓa, ba a gaya musu amfaninta ba. Da sun sani, da nonon Goggo ya kai kasuwa.

Don haka ina roƙo a mayar wa Baba makullinsa. A tara ma'aikata a nuna musu aikin igiyar. A kafa ƙarfen da ke janye tsawa a kan rufin, kamar na makarantarmu. Kada kuma a tsananta wa Malam Bukar, don taimako ya nufa da abin da ya gada.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci cinikinka, ya tsare gidanka daga tsawa. In ka ba ni izini, zan so in sake rubuto maka ranar da Inna ta aiko cewa Baba ya koma bakin sitiyari, domin takardar godiya ta fi mini sauƙin rubutawa.

Wassalam.

Taka mai ladabi,
Furera Garba