Umma, Tagogin Sun Daina Rawa

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Autarki ce Hadiza, daga unguwar Cheras, nan ƙasar waje inda nake aiki. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba, amma ina da labari irin wanda kike dariya har ki riƙe ciki, kuma ba ni da wadda zan ba wa sai ke.

Kin tuna da aka sa dokar kulle, ofishinmu na unguwar Bukit Bintang, mai nema wa ɗaliban ƙasashen waje makaranta, ya ce kowa ya kwashi kwamfutar teburinsa ya tafi gida da ita? Da na nuna miki ita a waya kika ce, "Wannan ai talabijin ce, ki dai faɗi gaskiya kallo kike yi." Ba a jima ba aka kira ni daga Kano aka ce kin cika. Babu jirgi, Umma. A waya na karɓi gaisuwarki, washegari na koma kan aiki, don in aikin ya tafi, takardar zamana a ƙasar nan ta bi shi.

To a kwanakin ne kwamfutar ta haukace. Kin ga, takardun aiki a cikin folda muke adana su, kamar yadda kike jera atamfofinki a akwati, kowace folda kuma in an buɗe ta, taga take fitowa a fuskar kwamfutar. Sai tagogin nan suka fara rawa. Wannan ta buɗe kanta, waccan ta ja gefe, wata ta rufe ina tsaka da aiki. Takardun ɗalibin Katsina suka faɗa foldar ɗan Yaman. Shugabarmu ta ce in abin bai gyaru ba, za ta ba wani aikin, ga shi ana ta sallamar mutane.

Hafiz, mai gyaran kwamfutocin ofis, ya yi ta fama da ni a waya. Na kashe na kunna, na sake linzami, wato ɗan abin da ake jan kibiyar kwamfuta da shi, na goge madannai, ya nemi cutar kwamfuta bai samu ba. Kullum sai ya ce boleh, boleh, wato zai yiwu da yarensu, gobe kuma abin ya dawo.

Ni kuwa 'yar gidanki ce. Na ce wannan ya wuce Hafiz. Na miƙa hannu na ɗauko baƙin carbin nan da kika cusa min a jaka ranar da zan taho, na hau hailala. Wallahi Umma, tsit! Tagogi suka nutsu kamar yara sun ga Baba. Na mayar da carbin mazauninsa, suka ci gaba. Na sake ɗaukowa, suka yi shiru. Tsigar jikina ta tashi, na tofe ɗakin kaf da ayatul kursiyyu, har banɗaki sai da na leƙa.

Ke ce fa kika jawo. Ke kika ce, "Carbi ba a yar da shi a ƙasa, a rataye shi." Mai gidan nan ya hana buga ƙusa, shi ya sa tun ranar rasuwarki na rataye shi a kusurwar fuskar kwamfutar, inda idona zai riƙa ganinsa. Ashe fuskar irin mai jin taɓawa ce, kamar ta waya, ni ban taɓa sani ba don da linzami nake aiki. Fanka ta kaɗa, carbi ya lilo ya shafi gilashin, tagogi su bi shi. Da Hafiz ya hango shi a kiran bidiyo, dariya ya yi har ya ba ni haƙuri.

Na cire shi, aiki ya daidaita, shugaba ta yi shiru. Ya kamata in yi murna ko? Sai na zauna ina kallon tagogin nan, kowacce a inda na ajiye ta, babu mai motsi sai na motsa ta. Duk kwanakin nan ina tsoro, amma can ƙasan raina ina jin kamar ba ni kaɗai ba ce a ɗakin. Ranar na tabbatar ni kaɗai ce. Kukan da ban samu na yi miki ba, ranar na yi shi, Umma, har muryata ta dishe. Ina kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya buɗe hanya in zo in tsaya kusa da inda aka kwantar da ke, ko daga bakin katanga ne, in yi miki sallama da bakina.

Autarki,
Hadiza