Ba Zan Bar Makarantar Tafireta Ba

Fagge, Kano
9 ga Maris, 1956

Yaya Kyari,

Bayan gaisuwa, yaya Baba, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kwanan zaure ma na saba da shi.

Na ji ka gaya wa Baba wai na bar salla tunda na shiga makarantar tafireta ta Mista Nwabueze a Sabon Gari, har ya ce in komo Yerwa. Sharri ka yi mini, Yaya. Mutumin nan da ɗaki ɗaya ya fara, yau ɗakunansa biyar, kuma ko yanzu da kansa yake sallamata in azahar ta yi.

Ba zan komo ba sai da takardar shaida. Tunda kai ka ɓata ni, kai za ka karanta wa Baba wannan, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Allah ya shirye ka.

Ƙaninka,
Abdulgani