Kada Ka Cire Filogin Nan

Maigida,

Na wuce taron nan na masu ɗakunan karatu. Na jira ka har shayi ya huce, direba na ta danna hon, dole na fita. Hala aikin kwana ne ya sake riƙe ka.

Jiya na so in gwada jawabina a gabanka, sai na tarar ka yi barci da takalmi a ƙafa. Kujerun falo na yi wa. Sun saurara, ba laifi, tafi ne dai babu.

Abu ɗaya nake roƙo. Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin guga, kada ka cire filoginta. Na san ka, da ka ga soket sai dutsen guga. Tun da ta ofis ta ƙone, rumbunmu a cikinta yake, duk littattafan da na ɗauka shafi-shafi na ɗora kan manhajar nan ta kyauta. Daga zauren taro zan buɗo shi ta intanet a haska a bango. Kana cirewa, farin allo za su gani, ga ni tsaye gaban baƙi, ba fuskar da na sani.

Na goge rigunanka, suna bayan ƙofa. Ba ka da hujja.

Gobe da hantsi zan hau dandamali. In ka farka, ka duƙa ka leƙa. Idan koriyar fitilar nan ta kwamfutar tana ƙiftawa, ni ce na shigo gida. Ka ɗan zauna kusa da ita.

Taka