Kwamfutar da na kushe ta tashi da muryar mamaci

Malama, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, don in ta wuce shawarar ba za ta amfane ni ba.

Ni ɗan gwanjo ne. Shekara goma sha tara ina sayen tsofaffin kayan gida ina sayarwa: firji, fanka, kujeru, keken ɗinki. Na yi makaranta daidai gwargwado, amma karatun da ke ci da ni a kasuwa na koye shi, kuma darasin farko shi ne kushe. Ba a yabon kaya a gaban mai shi. Ka ƙwanƙwasa, ka girgiza kai, ka ɗan ja tsaki, ka juya kamar za ka tafi. A layinmu ba ma ce wa wannan ƙarya, sana'a muke ce masa.

Watan jiya aka kira ni gidan wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, malamin firamare ne. Za ta koma ƙaramin gida da 'ya'yanta uku, tana rage kaya. Na sayi kabad da tebur. A ƙarƙashin teburin sai na ga tsohuwar kwamfuta, an lulluɓe ta da labule. Matar ta ce tun kafin mijinta ya kwanta ciwo ta daina kamawa. Nan take na tuna babbar 'yata, wadda za ta zana jarrabawar nan da ake yi a kwamfuta, ta daɗe tana roƙona in samo musu ta gida ita da ƙannenta.

Na jona ta a wuta, shiru. Na sunkuya na sansana bayanta, na ce ta ƙone. Sai matar ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai yadda za a ciro abin da ke ciki, don a nan marigayin yake tara hotunansu. Malama, ban san amsar ba. Abin da na sani, in na ce ana iyawa ba za ta sayar ba. Sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce in kwamfuta ta ƙone komai na ciki ya tafi, sai dai a auna ta a kilo. Ta shafa saman akwatin da tafin hannunta, ta ce in ɗauka. Har godiya ta yi mini wai na rage mata tarkace.

Mai gyaran bakin layinmu ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya ce abin da ke raba wuta ne kawai ya mutu. Ya canza shi, ya sa sabuwar fanka, ya ƙara mata ram, wato abin da ke sa ta sauri, sai ga ta ta tashi tana gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Ya tsokane ni wai na sake yin fashi da rana tsaka. A lokacin dariya na yi.

Muka girke ta a falo, a kan teburin mamacin. 'Yata ta buɗe, sai ga hotuna sun fi dubu, kowanne marigayin ya rubuta masa shekara. Akwai wani wuri da ya sa wa suna "Na yara". Ta danna ɗaya, sai muryar namiji ta cika falon, yana koya wa wata ƙaramar yarinya ƙirga. Tana tsallake bakwai, yana dariya yana cewa a sake. Uwar yarana ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni. 'Yata ta tambaya ko masu abin sun san yana nan. Na ce ta kashe. Tun ranar ba ta ƙara taɓa kwamfutar ba.

Yanzu mai gyara ya ce faifan da ke ajiye komai ya tsufa, yana ƙas-ƙas, kowace rana zai iya tsayawa. Asabar zai sa sabo mai sauri, ya ɗauke tsohon ya goge, kamar yadda yake yi wa kowa. In na yi shiru, magana ta mutu. In na koma wurin matar marigayin, ta san ƙarya na yi mata, ni da ake kira gidajen rasuwa saboda an ce ina da amana. Wataƙila ma ta ce in dawo da kayanta, ga jarrabawa saura mako bakwai. Uwar yarana ta ce in kwafe a filash in aika ta hannun wani, kada a san daga ina. Dabarar ta yi mini daɗi ƙwarai, shi ya sa nake zargin dabarar. Yaya zan yi?

Ɗan gwanjo mai nauyin zuciya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da abin da ba ya jira. Faifan da ke ƙas-ƙas ba ya sanin Asabar. Kada a sake kunna kwamfutar a gida. Gobe da safe ka kai ta wurin mai gyara, ya kwafe komai a filash biyu kana tsaye, ya cire tsohon faifan ya ba ka a hannu. Ba nasa ba ne, ba naka ba ne. Kuma kada kowa ya ƙara buɗe hotunan, sirrin gidan wasu ne.

Ban ɗauke ka mugu ba. Son 'yarka ne ya kai ka, kuma tsoron da kake yi wa sunanka ba wasa ba ne, da shi kake ciyar da gida. Amma kai ma ka san bambancin. Kushe kabad ciniki ne, mai kabad yana da ido. Wannan matar ba farashi ta tambaye ka ba. Ta tambaye ka mijinta, ka amsa mata da abin da ba ka sani ba.

Shawarar maiɗakinka tana da tausayi, sai dai ba za ta ɓoye ka ba. Mutum nawa ne suka fita da kwamfutar daga gidan? Za ta gane, kuma za ta gane ka kasa zuwa.

Ku je tare da maiɗakinka, da rana. Ka miƙa faifan da filash kafin ka buɗe baki. Sannan ka faɗa mata a taƙaice cewa a ranar ka ce ta ƙone alhali ba ka sani ba, don ka samu da araha. Kada ka ƙwanƙwasa maganar, kada ka rage mata kuɗi. Ka ba ta zaɓi, ko ta karɓi kwamfutar a gyare, ko ka biya ta farashin gaskiya. In ita take so, ka roƙi aron mako bakwai. In ta hana, haƙƙinta ne, kuma kai ɗan gwanjo ne, wata ba za ta gagare ka ba.

Ba zan yi maka alkawarin za ta yafe nan take ba, ko maganar ba za ta kai layinku ba. Amma akwai yarinyar da ke tsallake bakwai, wadda wata rana za ta manta yadda mahaifinta yake dariya, kuma dariyar tana falonka. Akwai kuma taka 'yar, da ta yi maka tambaya ka ce ta kashe. Har yanzu amsa take jira.

Allah ya ji ƙan malamin, ya ba 'yarka sa'a, ya sauƙaƙa maka tsayuwa a ƙofar gidan nan.