Tuffar Baba

Gusau, 4 ga Maris, 1974

Zuwa ga Yaya Ma'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Na ji tun da zazzaɓin ya sake shi ba ya taɓa komai sai kunu, har mazagin wando ya yi masa yawa. Ga tuffa nan hannun Ɗanjuma direba. A kantin Kwara mai kayan Turai na samo, kowace naɗe cikin takarda kamar amarya. Tana da bitamin, ba ta nauyi a ciki, ɓawonta kuma yana sassauta hanji, don haka kada ki fere. Jami'a ba ta koya mini abin amfani da yawa ba, amma wannan na tabbata. Ta Baba ce shi kaɗai.

Ƙanwarki,
Wasila

Bungudu, 9 ga Maris

Wasila,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Amma kin san Baba. A ranar, 'yan dubiya sun cika zaure, har da mutanen Rawayya. Ya ce in kawo wuƙa. Na ce, "Baba, taka ce fa." Ya ce, "Ma'u, ina kika taɓa ganin an ci tsaraba a ɓoye?" Ya yi ta yankawa sirara, har kana hango haske ta cikinsu. Maƙwabcinmu Malam Umaru ya tauna tasa ya ce gwaba ta fi ta. Baba kuwa ƙanshi kawai ya samu a wuƙa.

Jikin sai raguwa yake. Dama tun rasuwar Inna ba wani cin kirki yake yi ba. Ni dai tsoro nake ji.

Yayarki,
Ma'u

Gusau, 15 ga Maris

Yaya Ma'u,

Bayan gaisuwa, ashe na manta wanda ya haife ni. Na aika abinci, ya yi walima.

Kin tuna gidanmu na Tsafe, gindin dutse? Inna ta koyo wani gashi a ajin matan aure. Malamar tana ce masa fai na tuffa, alhali duk Tsafe ba wanda ya taɓa ganin tuffa, sai Inna ta riƙa yi da ɗanyen mangwaro. Mu zauna bakin murhu muna haɗiyar yawu, Baba kuma ya yi ta leƙowa wai yana neman buta.

Shi na yi jiya, da tuffar gaske. Na murza fulawa da man shanu har ta yi kamar tsaki, na kwaɓa da ruwan randa, na shimfiɗa da kwalba. Na zuba yankakkiyar tuffa da sukari da ɗan kanumfari, na rufe. Makarantar da nake koyarwa na da na'urar gashi, amma yashi na zuba a tukunya, garwashi a kan murfi, yadda Inna ke yi. Gefe ɗaya ya ƙone. Nata ma haka yake.

Ga shi nan hannun Ɗanjuma, ki ce masa magani ne. Ko Baba bai kai ga raba magani ba.

Ƙanwarki,
Wasila

Bungudu, 18 ga Maris

Wasila,

Ina gaisuwa. Na ce masa magani ne. Ya buɗe kwanon, ya sunsuna. Can ya ce, "Wannan likitan a Tsafe ya yi karatu." Ya ce in saki labule, kada kowa ya shigo.

Ya cinye, har ƙonannen gefen. Yau da safe ya nemi tuwo.

Ya ce in gaya miki tuffarki ba ta da tsami. Mangwaron da ke bayan gidanmu ya soma 'ya'ya, ki zo da kanki kafin su nuna.

Yayarki,
Ma'u